Ɗanyen firem na Ethernet a kan STM32 mai lwIP: ta ina ake shiga, kuma me ke hana shi aiki

Tambaya: "Ina da allon STM32H743 mai FreeRTOS da lwIP. So nake ya yi magana da wata ƙaramar kwamfuta mai Linux ta firem ɗin Ethernet nawa na kaina, ba tare da IP ba, don in gano na'urorin da ke kan layi in raba musu adireshi. A Linux ɗanyen soket yana aiki lafiya. A lwIP na buɗe SOCK_RAW, bai kawo kuskure ba, amma ko bayit ɗaya bai taɓa shigowa ba. Ina matsalar take?"

Amsa:

Ba zai shigo ba, malam, ko da za ka kwana kana jira, kuma har yanzu ba mu kai ga laifin direba ba. Soket ɗin da ka buɗe a lwIP, wato ƙaramar manhajar TCP/IP da ke kan allonka, ba irin na Linux ba ne. A Linux ɗanyen soket iri biyu ne: na AF_PACKET, wanda ke zaune daf da direba yana ganin firem tun daga adireshin MAC, da na AF_INET mai SOCK_RAW, wanda ke sama da IP yana ganin fakitin da lambar ka'idarsa ta dace, kamar 1 ta ICMP. Na biyun kaɗai lwIP ke da shi. Babu AF_PACKET a cikinsa ko kaɗan. In ka ga shirinka ya haɗu, to kai ka sa wannan sunan da hannunka. Aikin lwip_socket ba ya ƙin dangin adireshin da bai sani ba, sannan yana yanke lambar ka'idar da ka ba shi zuwa bit 8. A ce ka ba shi htons(0x88B5). A kan Cortex-M7 wannan ya zama 0xB588, bayan yankewa saura 0x88, wato 136, lambar UDP-Lite. Soket ɗinka na nan yana jiran fakitin UDP-Lite da babu mai aiko shi. Shi ya sa ba kuskure, ba kuma kaya.

Kada abin da lwIP ke kira raw API ya ƙara ruɗa ka. Wannan hanyar kiran TCP da UDP ce ba tare da soket ba, ba ruwanta da ɗanyen firem.

A maikurokontirola abin da ake yi shi ne a shiga tsakanin direba da lwIP. Daga siga ta 2.0 akwai ƙugiyar da aka tanada don wannan, wato wurin da lwIP ke kiran aikin da kai ka rubuta, LWIP_HOOK_UNKNOWN_ETH_PROTOCOL. Duk firem ɗin da ya iso ethernet_input, idan nau'insa ba IPv4 ba ne, ba ARP ba, ba IPv6 ko PPPoE da ka kunna ba, sai a miƙa wa ƙugiyar kafin a zubar da shi. A lwipopts.h za ka nuna fayil ɗin da ka bayyana aikinka ta LWIP_HOOK_FILENAME, sannan ka ɗaura ƙugiyar:

#define LWIP_HOOK_UNKNOWN_ETH_PROTOCOL(p, netif) karbi_firem(p, netif)

Lokacin da aka kira ka, p shi ne pbuf, tsarin da lwIP ke riƙe firem a ciki, kuma p->payload na kan farkon firem: bayit 6 na adireshin wanda aka aika wa, 6 na mai aikawa, 2 na nau'i, jimilla 14, sai kayanka. Idan ka sa ETH_PAD_SIZE 2, to akwai bayit biyu na ciko a gaba, don haka ka karanta ta struct eth_hdr maimakon ƙirga da hannu. Idan firem ɗin ba naka ba ne, mayar da kowace lambar kuskure, lwIP zai saki pbuf da kansa. Idan ka mayar da ERR_OK kuwa, pbuf ya zama naka, sakinsa da pbuf_free ya rataya a wuyanka. Wanda ya saki pbuf sannan ya mayar da kuskure ya sake shi sau biyu ke nan, kuma na'urar ba a nan za ta faɗi ba, sai can gaba a wani wurin da bai da alaƙa da ƙugiyar.

A nan ne mafi yawan irin wannan aikin ke lalacewa, don haka bari mu daɗe a kai. Fayil ɗin ethernetif.c da CubeMX, manhajar ST mai tsara lambar farawa, ke fitarwa ga H7 a sababbin sigogi ba ya kwafar firem. Bafar da DMA, wato ɓangaren guntun da ke kwashe kaya zuwa ƙwaƙwalwa ba tare da CPU ba, ta zuba kaya a ciki ita ce dai ake naɗewa a pbuf a miƙo maka, daga wani ɗan tafki mai bafa kaɗan. Kamar kwanon tuwon maƙwabta ne: ka juye a naka, ka mayar da kwanon. Idan ka jera pbuf a layin jira na FreeRTOS kuma aikin da ke ɗauka ya yi nawa, tafkin zai ƙare, direba ya rasa bafar da zai ba diskirifta, wato ɗan tsarin da ke gaya wa DMA inda za ta zuba firem na gaba. DMA ta ɗaga tutar RBU ta tsaya. Daga nan ba firem ɗinka kaɗai ke mutuwa ba; ARP da ping da TCP duk sun tafi, alhali fitilar tashar na ci gaba da ƙyaftawa. DMA ba ta tashi sai an mayar da bafa an kuma rubuta rajistar da ke nuna wutsiyar zoben diskirifta. A dangin F4 tutar RBUS ce, ana tashe ta da rubutu a DMARPDR. Ga saƙonnin gano na'ura, waɗanda da wuya su wuce bayit 100, kwafa ita ce hanya: pbuf_copy_partial zuwa tsarinka, pbuf_free nan take, sannan ka tura kwafin a layin jira ba tare da jiran fili ba. Layi ya cika, zubar da saƙon ka ƙara ɗaya a ma'ƙirgi. Kada ka yi amfani da memcpy a kan p->payload da tsawon p->tot_len, domin firem na iya zuwa a sarƙar pbuf biyu ko uku, p->len kuma tsawon guntun farko ne kawai.

Ka tuna kuma cewa ƙugiyar na gudana ne a cikin tcpip_thread, aikin da lwIP ke sarrafa fakitoci a cikinsa. Duk daƙiƙar da ka ɓata a ciki, ko da printf ne ta UART, daga lokacin TCP ka cire ta. A layin megabit 100, mafi ƙanƙantar firem bayit 64 ne, da bayit 8 na gabatarwa da 12 na tazara ya zama 84, wato bit 672. Firem 148,809 ke nan a daƙiƙa, ɗaya a kowace maikurodaƙiƙa 6.72. Diskirifta huɗu da CubeMX ke sawa tun asali suna cika cikin kusan maikurodaƙiƙa 27. Ba kullum layi ke kai haka ba, amma madauki ɗaya a tsakanin suwici biyu ya isa ya kai shi.

Aikawa ta fi sauƙi. Nemi pbuf da pbuf_alloc(PBUF_LINK, tsawo, PBUF_RAM), wanda ke bar maka fili a gaba don kan firem, zuba kayanka, ka kira ethernet_output da netif, da pbuf, da adireshinka, da na wanda za a kai wa, da lambar nau'i a yadda take, ba tare da htons ba, shi zai juya ta. Bayan ya dawo kai za ka saki pbuf. Direban ST ya riga ya riƙe nasa da pbuf_ref har DMA ta gama. In kana so ka gina kan firem da kanka, yi amfani da PBUF_RAW ka kira netif->linkoutput kai tsaye. Ko wanne ka ɗauka, idan daga wani aikin FreeRTOS kake kira, sai ka kewaye shi da LOCK_TCPIP_CORE da UNLOCK_TCPIP_CORE, ko ka bi ta tcpip_callback. Ba tare da wannan ba, aikinka da tcpip_thread za su haɗu a kan diskirifta ɗaya ta aikawa. Alamar ita ce komai na tafiya daidai a kan tebur, amma da zarar an buɗe shafin yanar gizon na'urar a lokacin da ake aika firem, sai aikawa ta tsaya cik. Daga cikin katsewa kuwa ba a kiran ko ɗaya daga cikinsu.

H7 na da nasa tarkon guda biyu. Na farko, DMA ta Ethernet ba ta isa DTCM, ƙwaƙwalwar da ke 0x20000000, kuma can ne wasu fayilolin haɗa shiri ke zuba .data da .bss. Idan tulin lwIP ya faɗa can, ko ka yi PBUF_REF da ke nuna wani jeri a can, DMA za ta ɗaga kuskuren bas, firem ba zai fita ba. Diskirifta da bafa da tulin, ta LWIP_RAM_HEAP_POINTER, a SRAM ta yankin D2 ake sa su, daga 0x30000000. Misalan ST na H743 suna ajiye diskirifta a 0x30040000. F407 ma na da irin wannan da CCM mai kilobayit 64 a 0x10000000. Na biyu shi ne D-cache, wato ma'ajiyar gaggawa da ke tsakanin CPU da SRAM. DMA ba ta san da ita ba. Ka rubuta firem, yana nan a ma'ajiyar gaggawa bai sauka SRAM ba, DMA ta ɗauki tsohon abin da ke wurin ta aika. Wireshark zai nuna maka firem mai tsawo daidai amma cikinsa saƙon da ya gabata ne, ko sifili zalla. Magani biyu ne: ka ware yankin da MPU, wato ɓangaren da ke sa dokoki a kan yankunan ƙwaƙwalwa, ka hana ma'ajiyar gaggawa taɓa shi, ko ka kira SCB_CleanDCache_by_Addr kafin aikawa da SCB_InvalidateDCache_by_Addr bayan karɓa. Mun fi son na MPU nesa ba kusa ba. Layin ma'ajiyar bayit 32 ne, kuma idan bafar karɓa ba ta fara a ninkin 32 ba, ko tsawonta ba ninkin 32 ba ne, sharewar za ta haɗa da abin da ke maƙwabtaka da ita, wani canji da ka yi a wani wuri ya ɓace ba dalili. Gwaji mai sauri: kashe D-cache gaba ɗaya. In matsalar ta tafi, ka san inda take.

Yanzu a ce ka ɗaura ƙugiya, amma ba a kiran ta. Duba matatar MAC, wato ɓangaren Ethernet da ke cikin guntun. Kafin firem ya isa DMA, MAC na duba adireshin wanda aka aika wa: naka ya wuce, na shela FF:FF:FF:FF:FF:FF ya wuce, na rukuni kuwa sai an ba shi izini. Idan ka zaɓi adireshin rukuni don neman na'urori, ko ka kunna PassAllMulticast ta HAL_ETH_SetMACFilterConfig, ko ka sa adireshin a ɗaya daga gurabe uku na ƙarin adireshi, ko a teburin hash mai bit 64. Mai taɓa rajista da hannu ya kula: a F4 bit ɗin PM na MACFFR shi ne karɓe-duka, amma a H7 PM na MACPFR shi ne barin rukuni ya wuce, karɓe-duka kuma PR ne. Lambar da aka kwaso daga F4 tana yaudara a nan. Yanayin karɓe-duka na gwaji ne, ba na kayan da za a sayar ba. Kuma ba ya sa ka ga hirar wasu, domin suwici ba ya kawo maka firem ɗin da ba naka ba tun farko.

Maganar lambar nau'i. IEEE ta ware 0x88B5 da 0x88B6 don gwaji a layin cikin gida, ɗauki ɗaya. Kada ka ƙirƙiri ƙaramar lamba: duk abin da bai wuce 1500 ba tsawon firem ake ɗaukarsa, nau'i daga 0x0600 yake farawa. Ka kuma kauce wa na masu shi, irin 0x88A4 na EtherCAT, 0x8892 na PROFINET, 0x88CC na LLDP, 0x88F7 na PTP. Adiresoshin 01:80:C2:00:00:00 zuwa 0F ma ka bar su, suwici mai bin ka'ida ba ya wuce da su. Idan tashar suwicin na liƙa alamar VLAN, bayit na 12 da 13 za su zama 0x8100, ainihin nau'inka ya matsa gaba da bayit huɗu, kuma ƙugiyar da ke duba wuri ɗaya tak za ta ce ba nata ba ne.

Cikin kayan, fara da lambar siga da tsawon saƙo. Ethernet ba ta aika firem ƙasa da bayit 60 ban da 4 na FCS, lambar duba kuskure da ke ƙarshen firem, don haka saƙon bayit 10 zai iso da bayit 46, sauran ciko ne, kuma babu inda kan firem ya faɗi ainihin tsawon. MAC na STM32 na yin cikon da FCS da kanta. In kai ka zaɓi yin cikon, share shi da sifili. Barin tarkacen ƙwaƙwalwa a ciko shi ne ɓarakar Etherleak da aka bayyana a 2003. Duba tsawon da saƙo ya yi iƙirari da p->tot_len kafin ka kwafa ko bayit ɗaya. Da yake kan firem bayit 14 ne, kayanka na farawa a adireshin da ba ninkin 4 ba. Cortex-M7 na jure hakan a LDR da STR, amma ba a LDM ko LDRD ba, kuma mai haɗa shiri na iya zaɓar su idan ka ɗora struct a kan bafar kai tsaye. Kwafa zuwa tsarinka ya kawar da wannan ma.

Adireshin MAC shi ne kaɗai shaidar na'ura a wannan tsarin, kuma STM32 ba ya zuwa da nasa daga masana'anta. CubeMX na sa 00:80:E1:00:00:00 ga kowa. Allo ɗaya ba matsala. Allo biyu a suwici ɗaya, amsa za ta riƙa zuwa ga wanda ya yi magana a ƙarshe. Ka ciro adireshi daga lambar UID mai bit 96 da ke cikin kowane guntu, ka tace ta zuwa bayit biyar, bayit na farko ya zama 0x02: bit na "na gida" a kunne, na rukuni a kashe. Ga kayan kasuwa, ƙaramar EEPROM irin 24AA02E48 ta Microchip na zuwa da adireshi na musamman a ciki.

A ɓangaren Linux da ka ce yana aiki, akwai gyara kaɗan. Buɗe soket da htons(0x88B5) maimakon ETH_P_ALL, ka ɗaure shi da bind a kan tasha ɗaya ta sll_ifindex, wanda if_nametoindex ke ba ka. Da ETH_P_ALL kanel na kwafo maka duk abin da ya ratsa tashar, har da wanda kwamfutar ke fitarwa, kuma a ƙaramin allon ARM wannan kaya ne na banza. Ba sai ka gudu a matsayin root ba, setcap cap_net_raw+ep a kan shirin ya isa. Don adireshin rukuni, yi rajista da PACKET_ADD_MEMBERSHIP da PACKET_MR_MULTICAST. Akwai wata alama da ke rikita mutane: shiri na aiki muddin tcpdump na gudana, a rufe shi ya daina. Dalili shi ne tcpdump na sa katin a karɓe-duka, yana rufa wa rashin rajistar asiri. Gudanar da shi da -p ka ga gaskiya. Dokokin iptables ba sa taɓa AF_PACKET, don haka kada ka nemi laifi a can, kada kuma ka dogara da su don kariya. Idan kana zargin asarar firem, PACKET_STATISTICS na faɗin adadin da aka zubar. Zoben PACKET_MMAP da AF_XDP na masu dubban firem a daƙiƙa ne, ba naka ba.

Da a ce ba lwIP kake kai ba, hanyar ta bambanta. Zephyr na da AF_PACKET na gaske ta CONFIG_NET_SOCKETS_PACKET, NuttX ta CONFIG_NET_PKT, kuma lambar Linux ɗinka za ta shiga da ɗan gyara. FreeRTOS+TCP na da ƙugiya irin ta lwIP, eApplicationProcessCustomFrameHook, da ake kunnawa da ipconfigPROCESS_CUSTOM_ETHERNET_FRAMES, sai dai a duba kada direban ya tace nau'in kafin ya iso. ESP-IDF na da L2TAP ta /dev/net/tap. W5500 na da MACRAW, a soket na 0 kaɗai.

Sai tambayar da ba ka yi ba: shin kana buƙatar ɗanyen firem ɗin ma? Idan aikin bai wuce gano na'ura da ba ta adireshi ba, a ganinmu UDP ta fi. Ɗanyen firem ba ya tsallake rauta. A Windows ba a aika shi sai an girka Npcap, kuma wanda zai je saita na'urar a wurin aiki galibi da Windows zai je. A Wi-Fi ma, akwatin mara waya ba ya karɓar firem daga adireshin da bai yi rajista da shi ba, saƙon shela kuma yakan tafi ba tare da tabbacin isa ba. Da UDP zuwa 255.255.255.255, kwamfuta na iya yi ba tare da girka komai na musamman ba. Abin da ke tura mutane ga ɗanyen firem shi ne lwIP na ƙin fakitin shela idan adireshin tashar 0.0.0.0 ne. Wannan na da magani a layi ɗaya: LWIP_IP_ACCEPT_UDP_PORT a lwipopts.h na barin tashar UDP da ka zaɓa ta wuce, ta ƙofar da DHCP ke bi. Ko ka kunna LWIP_AUTOIP na'urar ta ɗauki adireshi daga 169.254.0.0/16. Ɗanyen firem na da hujja idan kana cikin ƙaramin shirin tashi da ba shi da filin IP, ko kana magana da na'urar da ka'idarta a wannan matakin take, irin GOOSE a tashoshin lantarki, ko kana neman lokaci mai tsauri.

Kowacce ka bi, abu biyu ba su canja ba. Saƙon nema ɗaya zai sa duk na'urori su amsa a tare, don haka kowace ta jira ɗan lokaci daban kafin ta amsa, misali tsakanin 0 da milidaƙiƙa 500 bisa bayit na ƙarshe na adireshinta, mai nema kuma ya maimaita sau uku, tunda babu mai sake aiko firem ɗin da ya ɓace. Sannan umarnin sauya adireshi da ba shi da tantancewa dama ce ga duk wanda ya soka waya a suwici ya kwashe na'urorinka daga layi. Sa HMAC-SHA256 a kan saƙon tare da lambar da na'urar ta bayar a amsarta ta baya, don kada a naɗi umarni a sake turo shi, ko aƙalla a karɓi umarnin a minti biyun farko bayan kunnawa kawai.

Wajen gwaji, cire suwici, ka haɗa allon da kwamfutar da waya ɗaya, ka gudanar da tcpdump -i eth0 -e -XX ether proto 0x88b5. Fara da aikawa daga allon, firem ɗaya na shela a kowace daƙiƙa mai ɗauke da lamba mai ƙaruwa. Bai fito ba sam, duba kulle da DTCM, ka kuma tabbatar saurin da PHY, guntun da ke magana da wayar Ethernet, ya daidaita, LAN8742A in allon Nucleo ne, an rubuta shi a MAC. Ya fito amma lambar na maimaituwa ko tana baya da ɗaya, D-cache ce. Sai ka juya: aika daga Linux zuwa adireshin shela, sannan zuwa adireshin allon, sannan na rukuni, da ma'ƙirgi ɗaya a low_level_input, ɗaya a ƙugiya. Na farko bai motsa ba, matatar MAC ce ko DMA. Na farko ya motsa na biyu bai motsa ba, ƙugiyar ba ta shiga ginin ba, galibi don CubeMX ya sake rubuta lwipopts.h ya goge abin da ka sa a wajen layukan USER CODE. Bayan haka ka bar ping -f na gudana tare da firem ɗinka na awa ɗaya da LWIP_STATS a kunne, kana kallon adadin bafar da ke hannu: in yana hawa ba ya sauka, akwai reshe a ƙugiyarka da ke mayar da ERR_OK ba tare da pbuf_free ba.